Telan Tuta da Kabarin Baƙonsa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun ranar sadakar bakwai ƙanwar Baba ta ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni ce na fi kowa zama a gindin kekensa. Na ce to, amma ban yi ba. Karatuna a aji shida na lakwal, wato firamare, ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan mamaci, wanda ba zai tashi ya gyara mini ba. In na tuna wata maganarsa sai in tsaya ina tambayar kaina: haka ya faɗa, ko ni ce na ƙara mata gishiri? Har arba'in ta wuce ban rubuta ko layi ɗaya ba. Yau dai dole ta zaunar da ni. Akwai baƙon da ke tafe daga nesa, zai yi mini tambaya ɗaya, kuma ba ni da amsarta. Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai mai ita.

Baba ya rasu da hantsi a gidanmu na unguwar Lazaret a Yamai, bayan ya sha kokonsa ya ce a ƙara masa matashi. Kafin in dawo da matashin ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kafin azahar gida ya cika. Maƙwabciyarmu Bazabarma, wadda ta yi shekaru tana kawo masa wandunan ƴaƴanta yana ragewa kyauta yana mita, ta shigo tana cewa "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyya a yarensu, sai ta zauna a bakin randa ta rufe fuska da zane. Mahautan kasuwa suka rufe tebur suka zo. Wani tsohon ma'aikacin ofishin tarbar baƙin gwamnati ya zo da sanda, aka ce a zaure ya riƙa faɗa wa matasa: "Duk tsohon hoton da kuka gani na manya suna musabaha, ku dubi abin da ke rataye a bayansu. Hannun mutumin nan ne." Aminin Baba kuma, tsohon direban wannan ofishin, wanda tsufa ya riga ya taɓa masa tunani, ɗansa ya kawo shi aka zaunar da shi kan kujera. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya amsa da fara'a ya ce, "Ku ce masa ya yi sauri, baƙi sun kusa sauka."

Da aka gama wanka aka ɗora shi a makara, na tashi daga cikin mata na tsaya bayan ƙofar zaure. Baba bai haifi namiji ba, mu uku ne duk mata, ni ce babba. Na kira maigidana a hankali na ce masa, "Baba ya bar wasiyya. Ya ce a sa shi kusa da baƙonsa."

Na ji ya juya ya faɗa wa maza. Aka ce madalla, Allah ya sa a dace. Sai liman ya ce, "To, a wane gefe baƙon yake?"

Ina bayan ƙofa ina jiran wani ya amsa, don ban taɓa kawowa a raina cewa abin da Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya yana yi a idon kowa, ba wanda ya san wurinsa ba. Wani ya ce ta wajen katanga ne. Wani ya ce a'a, ta wajen itatuwa. Rana tana yi, ba a ajiye gawa don neman kabari. Aka kai shi maƙabartar Yantala aka sa shi inda aka samu wuri, a sabon ɓangare. Mu mata ba ma bin gawa, ba ma shiga maƙabarta. Na koma na zauna a tabarma, mutane suna ba ni haƙuri a kan mutuwa, ni kuma abin da ke cina daban.

Sai na faɗi wane ne Baba, kafin a gane wane ne baƙon.

Daga Damagaram ya zo Yamai yana saurayi, da kan keken ɗinki a cikin buhu. Riga da wando ya fara ɗinkawa kamar kowane tela, har direban nan ya kawo masa aikin gaggawa na ƴar tutar da ake maƙalawa a gaban mota. Daga nan ya zama telan tuta. In shugaban wata ƙasa zai zo, ko za a sa hannu a yarjejeniya, ko za a rufe wani taro, sai a kawo masa ɗan hoto a ce ga irin wadda ake so. Manya na bakin titi, ƙanana na kan tebur, da na mota. Bai taɓa shiga ɗakin da ake taron ba. Amma rediyonsa ba ya mutuwa, kuma ya san wace ƙasa ke shiri da wace, don ta hannunsa abin yake bi. Da na bar lakwal ni ce mai yanka masa taurari da jinjirin wata, don ya ce hannuna ba ya rawa. Zuciyata ce mai rawa, in ji shi. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya sassautawa: tutoci biyu da za su tsaya tare, dole su zo daidai, ko da faɗin yatsa kada ɗaya ta fi ɗaya. A kan wannan ya taɓa korar maigidana daga shago, lokacin yana koyon aiki a wurinsa, ba a ma yi zancen aurenmu ba. Yadi ya kasa, shi kuma ya rage wa tutar wata ƙaramar ƙasa kaɗan, yana ganin ba mai lura. Baba ya ɗora ta kan tamu, ya ga bakin tamu ya leƙo.

"Kai, ɗan Tawa, zo nan. Wa ya ci wannan?"

"Baba, ƙasar fa duka ba ta kai daga nan zuwa unguwar Lamorde ba."

"Kai ka auna ta? A taswira akwai babba da ƙarami. A kan tebur babu. Mutum ya baro gidansa ya zo naka, ka tarbe shi da guntuwar riga? Ɗauki almakashinka ka je ka yi wa awaki aski."

Sai da mahaifiyata ta sa baki ya maido shi. Har ya tsufa in suna wasa yakan ce masa, "Ƴata kaɗai na ba ka cikakkiya, ita ma don ba kai ka yanka ba."

In kuma aka ɓata da wata ƙasa, aka ce a sauke tutarta, ba ya yarda a yi tsumma da ita. Ya wanke, ya goge, ya ninke, ya sa a akwatin ƙarfe. Shekarun nan na baya akwatin ya cika, don an yi ɓace-ɓace da yawa, an kuma yi sababbin abokai. Wani matashi ya taɓa zuwa neman wata tuta don a ƙona a wajen zanga-zanga. Baba ya ce, "Ɗana, fushinka ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma ni na ɗinka ta, kuma akwai tsohuwa a can da ba ta san abin da aka yi maka ba, ita ma tutarta ce. Je ka nemi ta roba." Lokacin an riga an daina kawo masa aiki, tutocin da inji ke bugawa sun cika gari.

Baƙon kuwa ta dalilin kuskuren Baba ya shigo mana.

Akwai makarantar da ake koyon aikin filin jirgi a nan Yamai, ƙasashe suna turo mutanensu bisa yarjejeniya. Wata shekara aka ba Baba aikin tutocin dukan ƙasashen da ke da ɗalibai. A ciki akwai ta tsibiran Komoro, wadda a lokacin koriya ce da farin jinjirin wata da taurari. Hoton da aka kawo bai fi kwalin ashana ba, kuma man keke ya ɗiga a kansa. Baba ya ƙirga taurari uku, na yanka uku. Muka shanya tutocin a igiya a gaban shago.

Sai ga wani ɗan gajeren jandarma da kakin da ba irin namu ba, riƙe da wandon da yake so a rage masa. Ya tsaya gaban igiya ya yi ta kallo. Da Faransanci ya yi magana, Baba kuma yana da nasa Faransancin na kasuwa, ni ina cike musu inda ya yanke. Mushe ya kira Baba, wato Malam a Faransanci.

"Mushe tela, wa ya nutsar da tsibiri guda?"

Baba ya ce bai gane ba.

"Kowane tauraro tsibiri ne. Huɗu ne. Wanda ka bari, a can uwata take."

"Yaya aka yi ka san nata na bari?"

"Don ita ce za ta fi kowa faɗa."

Baba ya yi dariya har ya saki awo. Nan take ya sa na yanka na huɗu, ya ɗinka a gabansa, sannan ya ce wanda ya nutsar da uwar mutum ai ya ci tara, tarar kuwa abincin rana ce. Haka ya shigo gidanmu. An turo shi ne ya koyi tsaron filin jirgi. Musulmi ne, karatunsa na Alƙur'ani har ya fi na wasu malamanmu daɗi. Unguwa ta sa masa Ɗan Teku. Shi kuma yana ce wa Baba Fundi, ya ce a yarensu haka ake kiran gwanin sana'a.

Ranar farko tuwon gero da miyar kuka aka ba shi. Ya ci yana haɗiya da ƙyar yana cewa da daɗi, idonsa na kawo ruwa. Mahaifiyata ta leƙo ta labule ta ce, "Yaron nan ƙarya yake yi don kunya, a tambaye shi me suke ci." Mako na gaba ya zo da kwakwa ya zauna a tsakar gida yana nuna mata yadda ake tatsar ruwanta a dafa shinkafa. Ya kawo kanumfari na gonar mahaifinsa a ƙulle cikin safa, gidan ya yi wata guda yana ƙamshi. Baba ya saya masa kilishi. Daga nan suka ce sun ƙulla koperasiyo, wato haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe, irin wadda suke ji a rediyo. Na ji da kunnena ranar da suka tsara ta suna shan shayi.

"Sashen kasuwanci," in ji Baba, "kanumfari daga gare ka, kilishi daga gare ni."

"Na yarda. Sashen tsaro fa, Fundi?"

"In teku ta kawo wa Nijar hari, kai za ka tare ta. In rairayi ya taso wa Komoro, ni ne."

"Jakada fa?"

"Ai ga ka nan. Ni ma in na samu jirgin da ba ya bi ta kan ruwa, ina zuwa."

Suka yi musabaha, Baba ya ɗauko ƙananan tutoci biyu ya kafa a cikin gwangwanin sukari.

Ran Lahadi da la'asar sukan tafi Gawai, bakin kogi, su zauna kusa da gada, don Ɗan Teku ya ce in ya daɗe bai ga ruwa ba kansa ciwo yake. Baba ya ba mu labari cewa ya nuna masa kogi da alfahari, lokacin ya cika, shi kuwa ya ce, "Yana da kyau. Amma ruwanku yana da ƙetare. Namu ba shi da." Baba ya ce masa ruwan da ba a ganin ƙarshensa ina amfaninsa. Abin dai ya zauna masa a rai. Har Baba ya bar duniya bai ga teku ba, amma in zance ya zo yakan ce, "Mu ƙasa ba ruwa, su ruwa ba ƙasa. Allah ya raba ne don a nemi juna."

Saura kaɗan su gama karatu, cikin zafin bazara, sanƙarau ya kama Ɗan Teku. Baba ya rufe shago ya tare a gidan likita. Ƙasarsu ba ta da ofishin jakadanci a nan, ƴan ƙasarsu biyu ne kaɗai tare da shi, su ma yara ne kamarsa. Ya baro matarsa da ciki. Abin da zan faɗa yanzu ban ji da kunnena ba, Baba ne ya faɗa mana, kuma sau ɗaya ya faɗa. Ya ce da Ɗan Teku ya ɗan farfaɗo ya gaya masa cewa a garinsu kaburbura suna kusa da gidaje, mutum in zai wuce masallaci sai ya gai da nasa. Sannan ya ce, "Fundi, a nan wa zai gaishe ni?"

Baba ya ce, "Ni."

Shi ya yi masa wanka. Shi ya ɗinka likkafanin da hannu, ina riƙe masa bakin yadin, hawayensa na ɗiga yana gogewa da kafaɗa don kada ya taɓa farin. Daga masallacin unguwarmu aka ɗauke shi. Mahauta, teloli, direbobi, ƴan makarantarsu, duk sun raka shi Yantala. Ƴan ƙasarsu suka koma da agogonsa da kayansa, daga nan labari ya yanke.

Da farko Baba ya kafa ɗan ƙarfe a kan kabarin ya ɗaura masa koren ƙyalle, ragowar yadin tutar nan. In rana ta cinye shi ya sake wani. Limaminmu na wancan lokaci ya ji labari, ya tare shi bayan sallah a gaban mutane.

"Malam tela, tuta ka kafa a maƙabarta? Gobe sai a ce kabarin waliyyi ne, a fara kai masa kaji."

"Alama ce kawai, Malam. Baƙo ne, ba shi da kowa."

"Cire ta."

Baba yana da zuciya. Ya daina bin sallah a bayansa, yana tafiya har wani masallaci can bayan kasuwa, yana dawowa yana huci. Aka daɗe a haka. Wata rana suka haɗu a wajen suna, liman ya zauna kusa da shi ya ce a hankali, "Na kusa da shi fa, waɗanda ba su da mai ɗaura musu ƙyalle? Kana tsallake su ka je wurin naka. Su ba baƙi ba ne?" Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Washegari ya je ya cire ƙarfen, ya koma sahun liman, kuma har limamin ya rasu ba su sake saɓawa ba.

Tun daga nan, duk Juma'a da safe yakan je gaisuwa, in damina ta wuce kuma ya ɗauki fartanya da kwando ya je gyaran abin da ruwa ya zabtare. Da can kafin hantsi ya dawo. Sannu a hankali ya koma sai azahar, jikinsa duk jar ƙasa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Wai kabari ɗaya ne ko gona ka saya?" Sai ya ce, "Yana da maƙwabta." Mu dariya muke yi, mun ɗauka irin zancensa ne.

Bara waccan wasu ɗalibai ƴan Komoro da ke jami'a suka zo daga Lamorde suna tambaya a kasuwa ko akwai tsohon tela mai ɗinka tuta. Aka kawo su gida. Ɗaya ya danna salula ya miƙa wa Baba, sai ga fuskar Ɗan Teku, da ƙiba kaɗan da furfura a gemu. Ɗansa ne, cikin nan da aka bari. Ya girmi mahaifinsa yanzu. Baba ya sa yatsa yana shafa gilashin salular, da ya samu magana kuma abin da ya fara cewa shi ne, "Tsibirin kakarka yana nan, ko ya nutse?" Mutumin ya fashe da dariya da kuka tare. Ashe labarin tauraron ya isa can tun da daɗewa, da shi aka rene shi.

Ya ce yana aiki da masu tsaron gaɓar teku na ƙasarsu, kuma an sa sunansa cikin tawagar da za ta zo Yamai tattauna horar da jami'ai da harkar kasuwanci. Ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa ba, yana so ya tsaya a kan kabarinsa.

Baba ya ce, "Ka zo. Da ƙafata zan kai ka."

Ya sa aka buɗe shago aka kakkaɓe keke. Tutarsu ta canja tun tuni, yanzu layi huɗu ce, rawaya da fari da ja da shuɗi, da kore a gefe. Ya yi ta mita cewa mutanen nan ba su da tausayin tela. Idonsa ya riga ya yi rauni, ni na ɗinka, shi yana zaune yana ba da umarni. Da na gama ya shafa taurarin da yatsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya sa na ɗinka tamu, ya ɗora su ya laluba bakinsu ko'ina, sannan ya ce a ninke.

Sai aka ɗaga tafiyar. Aka sa wani lokaci, aka sake ɗagawa. Wani karon an ce hanyar jirgi ce, wani karon an ce manya ba su gama daidaita takardu ba. Baba yana kasa kunne a rediyo yana cewa, "Manyan nan, tuta ta fi su saurin shiri." Ni kuwa ina ganin ƙafarsa tana kumbura, hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce masa, "Baba, da ka ɗauki maigidana ka nuna masa wurin, ko don halin rai."

Ya dube ni ya ce, "Kin gaji da ni ne, Uwata?"

Na bar zancen. Na kuma kwantar wa kaina da hankali cewa ai maigidana ya sha kai shi a babur, ba zai rasa sani ba. Ana saura ƴan kwanaki ya rasu, ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce, "In ta zo, ku sa ni kusa da baƙona. Na gaji da tafiyar." Na ce to.

Bayan sadakar uku na tambayi maigidana yaya aka yi bai sani ba. Ya rantse mini ya ce duk zuwan da suka yi, Baba daga bakin layi yake farawa. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya gyara, ya yi addu'a, ya matsa na gaba. Addu'a iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, har ƙarshen layin. Bai taɓa ganin ya daɗe a kan wani fiye da wani ba. "Ban tambaya ba," in ji shi. "Na ɗauka tunda ya sani, an sani."

Na tura shi wurin mai gadin maƙabarta. Mai gadin ya ce ya san Baba sarai, har wurin suna ce masa layin tsoho. Yana tsohon ɓangare, tsakanin katanga da wata babbar aduwa, dogon layi ne, duka a gyare tsaf, ba alama a kan ko ɗaya. Ya ce su sun ɗauka duk danginsa ne. Wanda ya haƙa kabarin ba shi ne ba, ya gaji aikin ne. Na je da kaina gidan tsohon direba, don yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Na durƙusa na ce, "Baba, ka tuna inda aka sa Ɗan Teku?" Fuskarsa ta yi haske ya ce, "Mai kanumfari! Kusa da itacen." Na ce ta wane gefe, na nawa daga itacen? Ya yi murmushi ya ce in gaya wa mahaifina ya yi sauri.

Maigidana mutumin kirki ne, ganin ba na barci ba na cin abinci ne ya sa ya ce abin da ya ce. "Ki bar ni in nuna masa ɗaya a tsakiya. Addu'a ai ba ta ɓata hanya. Ya tafi da sanyin zuciya, ke ma ki huta."

Na ce, "Ka manta abin da ya sa aka kore ka daga shago?"

Bai sake tayar da zancen ba. Na san addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ba zan iya tsayar da mutum a kan kabarin wani in ce masa ga ubanka ba. In na yi, da wane ido zan dubi Baba?

Da ɗan baƙon ya kira yi mana ta'aziyya, na gaya masa gaskiya da guntun Faransancina. Na ce mun san layin, ba mu san kabarin ba, na kuma gaya masa dalili. Sannan ya ce, "Ƴar'uwata, Fundi ya yi fiye da abin da aka roƙe shi." Na ji sanyi kaɗan. Sai ya ƙara da cewa mahaifiyarsa tana nan da rai, ba ta sake aure ba, kuma tun ranar da aka ce zai zo ta je bayan gidansu ta ɗebo yashi ta cika ƴar kwalba. Ta ce ya zuba a kan mijinta, don ya kwanta da ƙasar gida ko kaɗan ce. Ya ce bai san yadda zai gaya mata ba. A wannan karon an tabbatar da tafiyar, bayan Sallah za su sauka.

In ba a samu wanda ya sani ba, maigidana zai kai shi layin tsoho ya barbaɗa yashin daga farko har ƙarshe, kowa ya samu, kuma na san Baba ba zai ƙi haka ba. Amma ƴar kwalba ce, layin kuma dogo ne, matar nan kuma mutum ɗaya ta yi shekara talatin da ɗoriya tana jira.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. In kana cikin waɗanda suka raka gawar wani jandarma ɗan Komoro daga masallacin Lazaret zuwa Yantala, a wata bazara da aka yi sanƙarau, ko mahaifinka ya taɓa ba ka labarin. In ka yi aikin haƙa kabari a tsohon ɓangare, ko ka san wanda ya yi. In kana da naka mamacin a layin da ke tsakanin katanga da aduwa kuma ka san wurinsa, ka zo ka faɗa, ko ba ka san na baƙon ba, don duk wanda aka gane an rage mana ɗaya. In kuma ka taɓa ganin ɗan ƙarfe da koren ƙyalle a wurin, ka tuna ko me ke kusa da shi, kada ka raina abin da ka tuna. Amma don Allah wanda bai tabbata ba ya ce bai tabbata ba. A tambayi gidan telan tuta a bayan kasuwar Lazaret, mahauta za su nuna.

Baba ya ce a sa shi kusa da baƙonsa, ba mu iya ba. Ku taimake ni kada mu kasa wannan ma.